Miyar Gidan Tibila

A Tampelga, in rana ta karkata ka ga mutum ya tuna da wani saƙon gaggawa da zai kai gidan ƙarshe ta wajen rafi, kada ka wahalar da kanka da tambayar saƙon. Babu shi. Miya ce ta kira shi. Gidan Tibila ke nan, kuma duk gari an yarda cewa matarsa Wampoko ta fi kowace mace hannun miya, tun daga nan har birnin Kaya.

Tibila kansa ba wani abin kallo ba ne. Gajere ne siriri, da hular saƙi wadda ta daɗe da manta launinta. Ya yi samartakarsa a gonakin koko na ƙasar Abijan kamar sauran sa'o'insa, sai dai su sun dawo da keke da rediyo, shi kuwa ya dawo da iri ƙulle-ƙulle a tsumma. A wurinmu Mosawa gero da dawa na namiji ne, kuɓewa da yakuwa na mata ne, a gefen gona suke yafa su. Da Tibila ya kewaye bayan gidansa da ƙaya ya haƙa rijiya a tsakiya, an sha yi masa dariya. Ba a daɗe ba masu dariyar suka fara aiko 'ya'yansu roƙon barkono.

Lambun ba ya hutu, mai shi ma haka. Ruwan farko na sauka, gasaya da alayyafo za su ɓullo da kansu a inda awaki suka kwana da rani, daidai lokacin da rumbuna suka yi ƙasa, ciki ya fara ƙorafi. Kafin a gama noman farko lalo ya miƙe, wake ya shimfiɗa ganye, kabewa ta kama hanyar rufin rumbu ba ta nemi izinin kowa ba. Da kaka gidan kan koma shanya: yankakkiyar kuɓewa a kan zana, dafaffen ganyen wake an dunƙule shi, 'ya'yan yakuwa na jiran a mai da su daddawa. Da sanyi Tibila na bakin rijiya tun sassafe da guga, yana shayar da albasa da tumatir da gauta, yana yi musu faɗa ƙasa-ƙasa in sun yi nawa. Bazara ce kaɗai ke zaunar da shi. Rijiya ta ja baya, ƙasa ta yi zafin da ko kaza ba ta son takawa, sai zogale da randunan busasshen kaya su riƙe gida har hadari ya sake haɗuwa.

To, ga abin da gari bai sani ba. Miyar nan da ake wa zarya, Tibila ne ke yin ta.

Bayan haihuwarta ta fari wani zazzaɓi ya kwantar da Wampoko, da zai tafi ya tafi da hancinta da harshenta. Ta warke sarai, ƙarfinta ya dawo, amma zuma da maɗaci duk ɗaya suke a bakinta, tukunya kuma ko ƙonewa take a gabanta sai ta ga hayaƙi take sani. Mace kuwa in miyarta ta lalace ba a gaya mata. A bakin dutsen niƙa ake saka sunanta a waƙa, waƙar kuma takan fi mai sunan tsawon rai. Wata rana Tibila ya same ta gaban tukunya tana kuka, ta zuba gishiri ba ta san ko sau nawa ba. Shi a Abijan ya saba dafa wa 'yan ɗakinsu, don can babu uwar kowa. Ya leƙa waje bai ga kowa ba, ya karɓi ludayin.

Washegari ya fara gina katanga a kewayen murhu, wai saboda awaki. Ya bar ƙofa ɗaya ta tsakar gida, ɗaya ƙarama ta cikin lambu. Tun daga nan tuwo na Wampoko ne, don tuƙinta ko namiji sai ya shirya, miya kuwa ta mai shigowa ta ƙaramar ƙofa ce. A bayan katangar nan suka yi mafi daɗin zamansu. Ita tana tuƙi tana ba shi labarin gari, shi yana tsugune yana yanka ɗanyar kuɓewa yana gyara mata labarin. In ya ɗanɗana ya lumshe ido, sai ta ce, "Gaya mini." Shi kuma ya gaya mata: yau tsamin ya zo gaba, yajin na biye, daddawa ta zauna a ƙasa. Da kunne take shan miyar gidanta, kuma ta ce tana ƙoshi.

Ita ke fitowa da akushi, ita ake wa sannu da aiki. In mata sun tsare ta da tambayar sirrin, sai ta kalli tafin hannunta ta ce, "Ni ma haka na gan shi." Dangi sun yi ta matsa wa Tibila ya ƙara aure har suka gaji suka ƙyale shi. 'Ya'yansu sun tashi sun ga haka, sun kuma san abin da ba a fita da shi ƙofar gida. Mutum ɗaya ake tsoro, Zerbo, tela ɗan ƙabilar Samo da ya zauna a garin. Samo abokan wasanmu ne, al'ada ta ba su dama su zage mu mu yi dariya, mu ma mu rama. Kusan kullum sai Zerbo ya zo cin tuwo, kuma abin da ya shiga kunnensa da safe, kafin rana ta raba an ji shi a kasuwa.

Sai Yamba, autansu, ya kawo amarya. Nongma sunanta, 'yar cikin garin Kaya, doguwa mai saurin hannu da saurin ido, wadda ta tashi a gidan da ake sayen kayan miya ƙulle a leda. Su suka ga juna suka so. An yi biki bayan amfanin gona ya shiga rumbu, ango ya ɗan zauna, sannan ya ɗaure jaka zai koma gonar koko. Amarya kuwa, kamar kowace amarya a wurinmu, ba ta da murhun kanta tukuna. A murhun uwar miji za ta zauna, ta hura wuta, ta miƙa wannan ta karɓi wancan, har ta koyi miyar gidan, sannan a kafa mata nata duwatsun.

Tibila ya ja ɗansa cikin lambu.

"Kai, ka gaya mata?"

"In gaya mata me, Baba?"

"Kada ka mai da ni abokin wasanka."

Yamba ya yi dariya har sai da ya dafa zogale. "Ni da na je neman aure da sunan ɗan Wampoko mai miya? Uwarta ma don wannan ta yarda da wuri. Ku kuka gina katangarku, Baba, ku san yadda za ku yi da ita."

Ya hau mota ya bar su da amarya.

Da rani abin bai yi muni ba. Busasshen kaya ba ya canja hali, garin kuɓewar jiya shi ne na yau. Tibila sai ya auna komai tun da hantsi a 'yan ƙoƙuna, ya jera su a kan katanga, Wampoko ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana zubawa da fuskar gwanaye. Ranar da kaza ta hau katangar ta hargitsa jerin, an sha miyar kuka da ta ji daddawa har ta gaji, babu ko ƙwayar gishiri. Wani lokaci sukan aiki Nongma ɗebo ruwa ko itace, shi kuma ya faɗa ciki ya ɗanɗana ya gyara. Amma yarinyar ba ta iya nawa ba. Ran nan ta dawo ta same shi tsugune gaban tukunya da ludayi a hannu, suruki guda, a wurin da ko ƙafarsa bai kamata ta taka ba.

"Garwashi nake nema," in ji shi. "Na lofe."

Nongma ta durƙusa ta kau da kai. "To, Baba."

Tibila bai taɓa shan taba ba a rayuwarsa. Don ya rufa wa ƙaryar nan asiri sai da ya sayi lofe ranar kasuwa, ya riƙa yawo da shi a baki babu wuta.

Ba tsoron tonuwa kaɗai ke cinsa ba, hannunsa ma ƙaiƙayi yake. Mutum ya shayar da albasa tun tana kamar gashi, ya cire ta da kansa, sannan ya tsaya bayan katanga yana jin ana ƙona ta. Ya rame, wandonsa ya fara neman ƙarin ɗauri. Wampoko ta same shi a gindin zogale cikin zafin bazara.

"Baban Yamba, mu gaya mata mu huta."

"Ta gaya wa uwarta, uwarta ta gaya wa Kaya. Ni ba komai, a ce mini mace, na saba da bakin Zerbo. Ke fa? Duk matan nan da kika kalli hannunki a gabansu?"

Wampoko tana son sunan nan na gwanar miya. Ta san ba ita ta samo shi ba, amma ta daɗe tana sanye da shi, kuma ba ta da wani.

Da damina ta faɗi, dabarar ƙoƙuna ta ƙare. Ɗanyen ganye ba ya aunuwa. Gasayar da ta sha ruwa jiya ba ɗacinta ɗaya da wadda ta sha rana ba, yakuwa tsaminta na yau daban na gobe daban, ruwan tokar da zai kashe tsamin kuwa harshe ne ke faɗin yawansa. Miyar gidan ta fara tangaɗi. Masu kawo saƙo suka ragu. Zerbo dai bai fasa zuwa ba, amma ya zo da baki.

"Bawana, me ya sami gidan nan? Tun jiya da na sha miyarku harshena bai koma mazauninsa ba."

"Wa ya gayyace ka?" in ji Tibila. "Je ka gida ka sha burkutu, ai shi ne tuwonku shi ne miyarku."

"Ni na san abin da ya faru. Kun bar 'yar birni ta sa hannu a tukunyar Wampoko. Hannun da ya saba da ɗan dunƙulen kanti, me ya sani game da ganye?"

Da wasa ya faɗa, amma kafin kasuwa ta zagayo maganar ta kai bakin dutsen niƙa. Nongma ta dawo daga niƙa idonta ja, ta ajiye ƙwarya ta shige ɗaki. Ko gishiri ba ta taɓa zubawa a tukunyar ba, ita ta sani, surukanta ma sun sani. Tibila ya shige lambu ya yi ta neman ciyawar cirewa inda babu ciyawa. Kunya ce ta kama shi, mai nauyi, irin wadda bai taɓa ji ba.

Ana cikin haka aka aiko daga Kaya cewa uwar Nongma da ƙannen uwar mata suna tafe, su ga inda 'yarsu ke kwana da abin da take ci. A irin wannan ziyara uwar miji ce ke girki da hannunta, amarya na gefenta, ba a aikenta ko'ina. Kuma da damina babu abin da ake ba baƙon kunya sai babenda, faten ganyen nan da ake yi da tsakin gero da dakakkiyar gyaɗa. In ya yi daɗi ba a mantawa, in ya ɓaci ma ba a mantawa.

Ranar, Tibila ya tsinko ganyen da kansa tun raɓa ba ta bushe ba, ya ja Wampoko gefe.

"Ina nan bayan katanga. Tari ɗaya, ki ƙara ruwan toka. Tari biyu, ki tsaya."

"In tarin gaske ya zo maka fa?"

"Sai in haɗiye shi."

Baƙi suka iso da hantsi. Aka shimfiɗa musu tabarma a rumfar ƙofar gida, aka kawo ruwan gari mai tsamiya. Zerbo, wanda ba a kira ba, ya riga su zama. Tibila ya gaisa, ya tambayi mutanen Kaya ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ce bari ya duba wata akuya da ta shiga lambu.

Ya tsuguna jikin katanga a cikin ganyen kabewa, hancinsa a sama. Tun tafasar farko ya ji ɗacin gasaya ya taso, ba a zubar da ruwanta ba, shi kuwa bai tanadi tari don wannan ba. Ya yi tari ɗaya, ya ji an zuba ruwan toka. Ya yi biyu. Sai hayaƙi ya biyo ta saman katanga ya shaƙe shi, na gasken ya zo, ya ƙi haɗiyuwa, ya yi ta zuba shi babu lissafi. A ciki Wampoko ta rasa wanda za ta bi. Ta ƙara, ta tsaya, ta sake ƙarawa.

Daga rumfa muryar uwar Nongma ta taso. "Mai gidan nan lafiya kuwa?"

"Lofe ne," in ji Zerbo. "Da tsufansa ya koya."

Sai wani ƙauri ya iso hancin Tibila, wanda ya fi tsana a duniya: tsaki ya kama gindin tukunya. Wampoko ba za ta ji ba. Nongma tabbas ta ji, amma amarya ba ta gyara wa uwar miji girki. An jima kaɗan za a kai wannan gaban matan Kaya, su ci su yi godiya, su tafi da labari. Ko a ce Wampoko suna ne kawai, ko a ce 'yarsu ce ta lalata wa mutane gida.

Ya miƙe, ya cire lofen daga baki ya ajiye, ya tura ƙaramar ƙofa.

Nongma ta zabura za ta durƙusa.

"Bari, 'yata. Matsa can. Miƙo mini waccan tukunyar."

Bai kalle ta ba, don ba zai iya ba. Ya sauke wadda ke kan wuta, ya ɗanɗana, ya runtse ido, ya ce wannan rabon awaki ne. Ya fita lambu ya dawo da ganye cike da gaban rigarsa. Hannun da ya yi wata da watanni a ɗaure ya kama aiki ba ya ko jiran mai shi. Ya tafasa gasaya ita kaɗai ya tsiyaye ruwan, ya tauna ganye ɗaya, ya sake tafasa ta. Ya yayyaga yakuwa da alayyafo da hannu, ya murje daddawa da busasshen kifi. Ruwan toka kuwa da bakin ludayi ya riƙa ɗiga shi, yana ɗigawa yana kai wa harshe.

Wampoko na tsaye jikin bango. Ita ce ta yi magana.

"Nongma, tun kafin a haifi mijinki ba na jin ɗanɗanon komai. Duk miyar da aka taɓa yabawa a gidan nan, ga mai ita nan." Ta nuna Tibila da haɓa. "Abin da aka faɗa a kanki wajen niƙa, mun ji, muka yi shiru. Ga uwarki can a waje. In kin gaya mata, ba ki yi laifi ba."

Nongma ta dube ta, ta dubi surukinta da rigarsa ta jiƙe da gumi, ta tashi ta nufi ƙofar tsakar gida. Ludayin Tibila ya tsaya cak a cikin tukunya. Ya ji takunta, sannan ya ji tana jan wani abu mai nauyi. Turmi ne. Ta gangaro da shi ta kafa a tsakiyar ƙofar, ta juye gyaɗa a ciki, ta tare hanyar da jikinta, ta fara daka.

Ba ta yi nisa ba sai ga Zerbo yana shafa ciki.

"Amaryar bayi, baƙi sun fara hamma. Matsa in ga abin da uwargijiyar tukwane ke yi."

"Ka ga me? Tun yaushe Samo suka san girki? Ku da in an ba ku tukunya sai ku leƙa ku ce ina burkutun?"

"Af, yau bakin ya buɗe ke nan?"

"Ya buɗe. Rigar da ka ɗinka wa Baba ma hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, don kunya muka yi shiru. Koma ka zauna, tsoho, kafin in haɗa da ƙafarka in daka. Inna ba ta son ido in tana aiki."

Zerbo ya koma rumfa yana ƙyaƙyata dariya, yana gaya wa matan Kaya cewa 'yarsu ta fi barkonon Tibila yaji. A bayan turmi Tibila ya ci gaba da juya tukunya, yana share ido da kafaɗa.

Wampoko ce ta fito da akushi kamar kullum, Nongma na biye da ruwan wanke hannu. Hira ta mutu, ba ka jin komai sai motsin baki. Ɗaya daga cikin ƙannen ta bi yatsunta da lasa har wuyan hannu. Zerbo ya ce a gode masa, ƙorafinsa ne ya dawo da gidan hanya. Uwar Nongma ta ture akushin da ya koma fes, ta ce da ma ta sha jin labari, amma masu labarin sun yi rowa. Sannan ta juya wajen 'yarta.

"Ke kuma kin koyi wani abu kuwa, ko zaman kallo kike?"

"Ban fara ba tukuna," in ji Nongma. "Amma zan koya."

Da baƙi suka tafi, Tibila ya kasa shiga gidansa. Ya zauna a bakin rijiyar lambu har inuwa ta yi tsawo, yana tunanin da wane ido zai sake amsa gaisuwar surukarsa, shi da ta gani tsugune yana murza daddawa. Sunan Wampoko ya tsira, wannan ya yi masa daɗi. Nasa girman ne bai san ko saura nawa ya rage ba.

Ƙaramar ƙofa ta yi ƙara. Nongma ce, da ƙwarya a hannu. Ta tako a hankali tsakanin kuɓewa, ta durƙusa nesa kaɗan ta kau da kai, daidai yadda ta saba, ba ta rage komai ba.

"Baba, sannu da hutawa."

"Yawwa, 'yata."

"Inna ta ce gobe lalo za a yi. Ban san wanda ake tsinka ba, na sama ko na ƙasa." Ta gyara riƙon ƙwarya. "Kuma gasayar nan, na ga ka tauna kafin ka sake tafasa ta. Me kake nema a ciki?"

Shekara da shekaru ana yabon miyarsa a gabansa yana gyaɗa kai kamar baƙo, ba wanda ya taɓa tambayarsa yadda ake yi. Daɗi ya cika masa ƙirji har ya rasa ta inda zai fara. Ya miƙa hannu ya tsinko ganyen gasaya biyu, ya ajiye ɗaya a bakin ƙwaryarta, ya jefa ɗaya a bakinsa.

"Tauna," ya ce. "Kada ki haɗiye. Gaya mini inda ɗacin ya tsaya miki."